Korona da allurar rigakafi a Damagaram: yadda aka yi jama'a suka ja da baya

Wata biyu kacal bayan an ƙaddamar da allurar rigakafin korona a Nijar, a ƙarshen watan Mayun 2021, gwamnati ta ɗebi allurai 100,000 na AstraZeneca ta ranta wa ƙasar Kodibuwa. A lokacin ƙasashen Afirka da dama kukan rashin allurar suke yi. Nijar kuwa tana da ita ajiye cikin firji, masu zuwa a yi musu ne suka yi ƙaranci, ga kuma wa'adin lalacewarta yana ta matsowa. Jihar Damagaram, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙasar, da mutum sama da miliyan 3 da rabi a ƙidayar 2012, ba ta fita daga wannan hali ba. Hasali ma a cikinta aka fara yi wa matakan yaƙi da cutar bore, shekara guda kafin a ga ko da kwalba ɗaya ta allurar.

Shigowar cutar da boren Mirya

A ranar 19 ga watan Maris na 2020 ne ministan kiwon lafiya, Dokta Idi Illiassou Maïnassara, ya sanar da mutum na farko da aka samu da cutar a Nijar, wani ɗan ƙasa mai shekara 36 da ya biyo ta Lome, Akara, Abijan da Wagadugu ya sauka Yamai. Kwana biyu kafin nan shugaba Mahamadou Issoufou ya riga ya bayyana matakai: rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, rufe iyakokin ƙasa da makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50. Aka rufe masallatai da majami'u. A ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka sa dokar hana yawon dare a Yamai, aka killace birnin.

Rufe masallatai ne ya fi komi taɓa zuciyar mutane. A ƙarshen watan Maris ɗin matasa a garin Mirya, kimanin kilomita 18 gabas da birnin Damagaram, suka fito da duwatsu da sanduna, suka ƙona gine-gine da motoci. Mako guda bayan haka aka yi makamancinsa a Illela cikin jihar Tawa, inda aka cinna wa ma'aikatar magajin gari wuta. Da azumi ya gabato, tsakiyar watan Afrilu, rikicin ya kai unguwannin Yamai, aka kama mutane da dama. Sai ranar 13 ga Mayu, ana tsakiyar azumi, gwamnati ta sake buɗe wuraren ibada.

Tambayar da ake ta yi a majalisu da fadojin matasa a lokacin mai sauƙi ce, kuma ba a ba ta gamsasshiyar amsa da wuri ba: me ya sa za a rufe masallaci alhali Kasuwar Dole na ci? Hukuma tana da hujjarta, domin rufe kasuwa a garin da mafi yawan magidanta sai sun fita suke samun na cefane daidai yake da sa mutane yunwa. Malamai da yawa ma sun yi bayanin cewa addini ya yarda a nisanci annoba, suna kafa hujja da yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Amma bayanin ya biyo bayan umarni ne, umarnin kuma daga Yamai ya fito da rakiyar ƴan sanda da jandarma.

Akwai kuma batun wanke hannu. Cutar ta iso ne da bazara, lokacin da famfunan unguwanni da yawa na Damagaram kan yi kwanaki ba su ɗiga ba, mata da yara suna bin layi da jarkoki, ƴan ga-ruwa suna tsawwala kuɗi. Wanda ya sayi ruwan sha da kyar, in aka ce masa ya riƙa wanke hannu da sabulu a kai a kai, abin da zai fara ji shi ne mai maganar bai san garin ba. Iyakar Najeriya kuma, wadda ita ce jijiyar kasuwancin jihar, a rufe take tun watan Agustan 2019 bisa shawarar Abuja, korona ta zo ta ƙara mata kwaɗo.

Cutar da ba a gani

Cikin watannin Afrilu da Mayun 2020 Damagaram ta zama wuri na biyu bayan Yamai a yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu. A ranar 3 ga Mayu cutar ta kashe ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, haifaffen Tasker a cikin jihar, yana da shekara 55. Duk da haka alƙaluman ƙasa baki ɗaya sun kasance ƙanana: a ƙarshen watan Oktoban 2020 waɗanda aka tabbatar ba su wuce 1,200 da ƴan kai ba, mamata kusan 70. Har zuwa lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗage matsayin gaggawa a ranar 5 ga Mayun 2023, Nijar ba ta kai mutum 10,000 ba a rubuce, mamata kuwa 300 da ɗoriya.

Waɗannan alƙaluma suna nuna yawan gwajin da aka yi ne fiye da yawan masu cutar. Da farko cibiyar CERMES ta Yamai ce kaɗai ke gwaji, sai an ɗauki samfuri an yi tafiyar kusan kilomita 900 da shi, kafin daga baya a kawo gwajin cikin jihohi. Mai mura da tari da zazzaɓi kuma ba kasafai yake zuwa likita ba, musamman da ya ji ana killace mutane, kuma in an mutu ba a bai wa dangi gawa su yi mata wanka yadda aka saba. A watan Oktoban 2021 OMS ta ƙiyasta cewa a Afirka cikin mutum 7 da suka kamu, 1 kaɗai ake ganowa. Maƙwabciyarmu Kano ta nuna abin da ƙidayar hukuma ke iya ɓoyewa: bayan yawan mace-macen da aka gani a watan Afrilun 2020, ministan lafiya na Najeriya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama sanadiyyar korona. Tsakanin Kano da Damagaram kilomita 240 ne, kuma ko da iyaka na rufe ƙafa ba ta daina ratsawa ba. Almajirai da yawa ma a wannan lokacin aka maido su gida daga Najeriya.

Gaskiya ne kuma cewa cutar ba ta yi wa Nijar irin ɓarnar da ta yi wa Italiya ko Amurka ba. Rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, korona kuwa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Rayuwa kuma a waje ake yin ta, a tsakar gida, a gindin bishiya, a ƙofar gida. Don haka talaka ya auna da abin da idonsa ya gani. A asibitin Magarya, a daminar 2018, ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta ce yara 10 ke mutuwa a kowace rana saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ba a kuma rufe ko makaranta ɗaya ba. Uwar da ta binne ɗanta a irin wannan damina, da wuya a shawo kanta cewa babbar barazana ita ce cutar da ta fi ji a rediyo. Daga nan aka samu sunan da aka laƙaba mata, ciwon manya, ciwon masu hawa jirgi.

Allurar ta iso

Allurai na farko sun sauka Yamai ranar 21 ga Maris na 2021: 400,000 na Sinopharm, kyautar ƙasar Sin. Aka ƙaddamar da aikin ranar 29 ga Maris, aka fara da faraminista Brigi Rafini, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu. A ranar 14 ga Afrilu kuma shirin COVAX ya kawo 355,200 na AstraZeneca, samfurin da kamfanin Serum Institute na Indiya ke haɗawa. An sa ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da malaman makaranta da tsofaffi da masu wata cuta a jiki a sahun gaba. Da aka ga layi babu kowa sai aka buɗe wa duk baligi.

Lokacin ma bai taimaka ba. Allurar COVAX ta zo ne a farkon azumi, mutane da yawa suna tsoron ta karya musu azumi, duk da cewa manyan majalisun fatawa na Masar da Saudiyya sun ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karyawa. Wata guda kafin nan Danmak da Jamus da Faransa sun dakatar da AstraZeneca na ɗan lokaci saboda daskarewar jini da aka gani ga wasu ƴan tsiraru. Hukumar magunguna ta Turai ta ce matsalar tana da wuyar aukuwa ƙwarai, amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta, amma abin da ya iso wayoyin mutane ta WhatsApp gajere ne: Turawa sun ƙi ta, an turo mana. Da aka shiga watan Yuli kuma Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar tafiye-tafiye wadda da farko ba ta amince da samfurin Indiya ba, wato ainihin wanda aka rabo wa Afirka. Mai yaɗa jita-jita bai buƙaci ya ƙirƙiri komi ba a wannan karon.

Siyasa ma tana ciki. An fara allurar ne makonni biyar bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu, wanda ɗan Damagaram, tsohon shugaba Mahamane Ousmane, ya ce an yi masa maguɗi a cikinsa. Garin da ya riƙe babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1926, aka ɗauke aka kai Yamai, ya daɗe yana jin ana mayar da shi saniyar ware. Mutane ba su manta ba cewa a ranar 15 ga Maris na 2020 da sunan korona aka hana zanga-zangar ƙungiyoyin farar hula kan badaƙalar kuɗin sayen makamai, a lokacin da ba a ma samu mai cutar ko ɗaya a ƙasar ba. Maganar cewa cutar hanyar samun kuɗin tallafi ce ta samu gindin zama a irin wannan yanayi.

Abin da aka tuna

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron allura a wannan yanki yana da tarihi, kuma wani ɓangare na tarihin gaskiya ne.

A 1995 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 40,000 a Nijar. Cikin taimakon da aka samu har da allurai daga Najeriya ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Turai, sai ma'aikatan MSF suka lura ba sa narkewa yadda ya kamata. Bincike ya nuna na jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki, bayan an riga an yi wa mutum sama da 50,000. An sake kama jabun allurar sanƙarau a Yamai a 2015 da 2019, har OMS ta fitar da gargaɗi.

A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka sani. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba allurar rigakafi ba, amma a bakin jama'a labarin ɗaya ne: an zo da sunan taimako an yi gwaji da ƴaƴan talakawa.

Daga nan aka zo 2003, lokacin da Dokta Ibrahim Datti Ahmad da majalisar ƙoli ta shari'ar Musulunci a Najeriya suka ce ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da abin hana haihuwa. Gwamnan Kano Ibrahim Shekarau ya dakatar da aikin, ba a koma ba sai ƙarshen watan Yulin 2004, da aka kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Cikin wannan rata cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Kaset-kaset na wa'azi da ke ratsa iyaka sun kawo maganar Maraɗi da Damagaram, aka samu gidajen da ke ɓoye yara in masu ɗigo sun shigo unguwa. Sai a 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, kuma ko a 2018 an sake ganin yaran da suka shanye a Magarya da Tanut, da wani nau'in ƙwayar da ya samo asali daga Jigawa, irin wanda ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba.

Saboda haka da wasu masana kiwon lafiya biyu a Faransa, Jean-Paul Mira da Camille Locht, suka zauna a tashar talabijin ta LCI a farkon watan Afrilun 2020 suna shawarar a gwada wata allura a Afirka tunda can babu takunkumi babu magani, maganar ta faɗa kan tsohon miki. Shugaban OMS, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya yi tir da ita, ya kira ta ragowar tunanin mulkin mallaka. Cikin kwanaki kaɗan an fassara ta da Hausa, ana tura ta a saƙon murya daga waya zuwa waya, shekara guda cur kafin allurar gaske ta zo. A garin da aka ƙona cibiyar al'adun Faransa a watan Janairun 2015, ba sai an yi dogon bayani ba.

Maganar haihuwa da sauran jita-jita

Cikin duk abin da aka faɗa kan allurar, batun hana haihuwa ne ya fi kama jiki. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram kuwa 8.5, mafi yawa a ƙasar. Shekara da shekaru mutane suna jin manyan baƙi da ƙungiyoyi suna cewa haihuwar ta yi yawa; shugaban Faransa Emmanuel Macron ma ya faɗi haka a 2017. Idan waɗanda ke cewa an cika haihuwa su ne kuma suka kawo allura kyauta, suna roƙo a karɓa, alhali maganin zazzaɓi sai an saya, ba abin mamaki ba ne mai ƙaramin sani ya haɗa biyu da biyu. Amma lissafin ba daidai ba ne. An yi wa mutane biliyoyi waɗannan allurai a duniya, ciki har da matan Saudiyya da Indonesiya da Turkiyya da na Turai kansu, kuma binciken da aka yi kan masu neman haihuwa da masu ciki bai nuna tana hana ɗaukar ciki ko rage ƙarfin namiji ba. Abin da aka gani shi ne wasu mata al'adarsu kan ɗan jirkita na wata ɗaya ko biyu sannan ta daidaita. Mai ciki da ta kamu da korona kuwa ta fi sauran mata shiga haɗari.

Sauran maganganun, cewa wanda aka yi wa zai mutu bayan shekara biyu, ko an sa wata na'ura a ciki, ko cokali na mannewa a dantse, lokaci ya riga ya ƙaryata su. Abin da allurar ke jawowa a zahiri shi ne ciwon hannu, kasala, ciwon kai ko zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu, alamar jiki ya fara haɗa garkuwa. Ta Sinopharm ƙwayar cutar ce da aka kashe, irin dabarar da aka daɗe ana amfani da ita. AstraZeneca da Johnson & Johnson suna amfani da wata ƙwaya marar lahani wadda ke kai wa jiki siffar ƙayar korona don ya gane ta in ta zo. Inda aka yi sake shi ne ba a riƙa gaya wa mutane tun farko cewa za su iya jin zazzaɓi ba. Magidanci ɗaya da ya kwanta kwana biyu bayan allura ya isa ya hana unguwa guda fitowa.

Ƙi ne ko rashin kaiwa?

Kuskure ne a ɗauka duk wanda ba a yi wa allurar ba ƙin ta ya yi. Masu ƙi da gaske, waɗanda ko an kawo musu har gida ba za su miƙa hannu ba, suna nan, amma sun fi ƙarfin murya fiye da yawa. Mafi yawa ba su ga dalilin barin gona ko rumfa su je su bi layi ba. A ƙauyukan Tanut da Gure da Tasker akwai wanda tsakaninsa da cibiyar lafiya ta CSI tafiyar yini ce a amalanke. Allurar farko na buƙatar ta biyu bayan makonni, lokacin kuwa ya faɗo cikin damina, ga shuka ga noma. Matar aure sai da izinin mai gida, shi kuma mai gidan wataƙila yana ci-rani a Kano ko Agadas ko Aljeriya. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a jihar da zafi kan haura 40 kuma wuta ba ta tsayawa.

Kawo allurar ma ba ya bisa tsari. Indiya ta dakatar da fitar da tata a daidai lokacin da annobar ta turnuƙe ta a 2021, COVAX ya shiga ƙamfa, daga baya ƙasashe masu arziki suka riƙa turo ragowar tasu, wasu saura makonni su lalace. Najeriya sai da ta lalata sama da allurai miliyan 1 a Abuja a watan Disambar 2021 saboda haka. Abin ya fara sauƙi ne da Johnson & Johnson ta iso daga Amurka a watan Yulin 2021, domin sau ɗaya ake yin ta, da kuma lokacin da aka daina jiran mutane a asibiti aka koma fita da tawaga zuwa kasuwanni da tashoshin mota da ƙofar gidajen masu gari. Duk da haka burin OMS na kashi 40 cikin 100 a ƙarshen 2021 ya wuce Nijar nesa, ba a kai ko kashi 10 ba, kuma har aka rufe babin gaggawar ba a kai rubu'in al'umma ba.

Shin ƙin allurar ne ya sa masu kamuwa suka ƙaru? A nan sai an yi hattara. Babban tashin da cutar ta yi a Nijar ya zo ne da hunturun 2020, daidai da yaƙin neman zaɓe: daga kimanin 1,500 a ƙarshen Nuwamba zuwa kimanin 4,500 a ƙarshen Janairun 2021, lokacin babu allurar ma a ƙasar. Tashi na gaba, daga Disambar 2021 zuwa Janairun 2022, nau'in Omicron ne ya kawo shi, wanda ya kama har waɗanda aka yi wa allura a ko'ina cikin duniya. Aikin da allurar ta fi yi shi ne hana ciwon ya yi tsanani har ya kai ga neman iskar oksijin ko mutuwa. Don haka asarar da ja da bayan ya jawo tana wajen dattawa da masu suga da hawan jini da suka kwanta da abin da aka kira mura ko sanyin hunturu, aka yi musu sutura ba tare da gwaji ba, sunansu bai shiga kowane lissafi ba.

Fada, masallaci da Makka

Darasin shan-inna ya riga ya nuna hanyar da ke ɓullewa. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar ke aiki da UNICEF kan rigakafin yara, kuma a ƙasar Damagaram, daga fadar Sultan Aboubacar Sanda Oumarou zuwa sarakunan Mirya da Magarya da Kance har masu gari da masu unguwa, maganar sarki na isa inda takardar prefe ba ta isa. A jihar ne ma aka fara shirin makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu. A farkon korona an tsallake wannan tsani, aka fara da doka, sai da wuta ta kama aka dawo neman sarakuna da limamai da gidajen rediyo masu magana da Hausa da Barbarci.

Abin da ya fi kowane wa'azi tasiri kuwa daga Saudiyya ya zo. A 2020 da 2021 ba a bar alhazan waje sun je Hajji ba. Da aka buɗe a 2022, ga mutum miliyan 1 ƴan ƙasa da shekara 65, sharaɗin shiga shi ne cikakkiyar allurar korona. Maniyyata, cikinsu har da waɗanda suka yi ta sukar allurar a majalisa, suka je suka miƙa dantse suka karɓi katinsu, kamar yadda aka saba yi da allurar sanƙarau da ta shawara shekara da shekaru ba tare da gardama ba.

Bayan korona

Annobar ta bar giɓi a rigakafin yara. A 2020 an dakatar da zagayen ɗigon shan-inna na wasu watanni a duniya, iyaye mata da yawa sun ƙaurace wa awo don tsoron a ce suna da cutar, jita-jitar allurar manya kuma ta shafi ta yara. OMS da UNICEF sun ce a 2021 yara miliyan 25 a duniya ba su samu cikakkiyar allurarsu ta farko ba.

Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka mutu, fiye da rabin masu ciwon a Dungas. Da aka fito da allura ga ƴan shekara 2 zuwa 29, kusan duk waɗanda aka nufa sun karɓa, a garuruwan da shekara guda kafin nan ake roƙon mutane su zo a yi musu ta korona. Sanƙarau kowa ya san shi, ya ga yadda yake sandarar da wuyan yaro cikin dare ɗaya ya bar shi kurma in ya tashi.

A watan Yulin 2023 kuma, watan da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakoki, mashaƙo ya ɓulla a Matamaye, bayan ya yi watanni yana kisa a Kano. Cuta ce da ke toshe maƙogwaron yaro, wadda tsofaffin ma'aikatan lafiya da yawa suka daɗe ba su gani ba, kuma mafi yawan yaran da ta kayar ba su samu allurarsu cikakkiya ba. Kariyarta tana cikin allurar Penta da ake yi wa jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, kyauta a kowace CSI, kafin ta baƙon dauro in ya cika wata 9.